Daga Filim Zuwa Sensa: Me Ya Sa Hoton Babanka Bai Yi Kama da Na Wayarka Ba?

Yau babu kwance waya, babu ɗaura sikirin, babu batun filashin. Tarihi za mu ɗan taɓa, kuma rubutun yana da tsawo, don haka ka samu wuri ka zauna tukuna.

Abin da ya jawo shi kuwa, kwanakin baya wani dattijo ya zo rumfata a kasuwar waya, ya ajiye wayarsa a kan tebur ya ce, "Yaro, canza mini kyamarar nan, ta lalace." Na kunna na duba. Gilashin baya babu tsaga, babu ƙura a ciki, fokas yana kamawa garau. Na ɗauki hoton hannuna, na ɗauki na maƙwabcina, komai lafiya lau. Na ce, "Baba, ni dai ban ga matsala ba. Me take yi muku?"

Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wani tsohon hoto a cikin leda. Hoton ɗaurin aurensa ne, an rubuta 1986 a bayansa da biro. Yana sanye da farar babbar riga, aikin wuyanta ya fito zare-zare, fuskarsa baƙa mai sheƙi, tsagar gadon da ke kumatunsa ana ganinta raɗau. Sannan ya buɗe wayar ya nuna mini hoton da aka ɗauke shi ranar ɗaurin auren 'yarsa. Nan ma farar babbar riga ce, amma ta koma fari fat kamar takarda, aikin wuyan ya ɓace. Fuskar kuma ta yi haske ta yi sumul kamar an shafe ta da hoda, tsagar ta dushe. Ya ce, "Kalli nan da kyau. Wannan ni ne? Haka jikokina za su san ni?"

Wallahi da na ga dama da na canza masa kyamarar na karɓi kuɗina, amma na san sabuwar ma haka za ta yi masa. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Hotunan nan biyu, hanyoyi biyu ne daban na kama haske, kuma a kowace hanya akwai mutanen da suka zauna suka yanke yadda hoto zai fito tun kafin a danna. Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Abin da na sani da abin da na bi diddiginsa shi ne zan kawo muku. In kun ji na ce filim, ina nufin baƙar ledar nan da ake naɗawa a cikin kyamarar da, ba fim ɗin kallo ba.

ZAMANIN AZURFA

Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara wanda har yau yana nan, wani Bafaranshe ne mai suna Nicéphore Niépce ya ɗauke shi tsakanin 1826 da 1827. Wani irin kwalta ya shafa a kan farantin ƙarfe, ya sa a akwatin kyamara ya fuskantar da shi taga. Sai da haske ya yi aƙalla awa takwas yana dukan farantin kafin wani abu ya fito, shi ma dishi-dishi. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre, shi ma Bafaranshe, wanda ya yi amfani da farantin tagulla da aka lulluɓe da azurfa. Nasa ya fita tar, amma kwafi ɗaya ne tak, in ya ɓata shi ke nan. A Ingila kuma William Henry Fox Talbot ya kawo dabarar nagetif, wato a fara samun hoton a juye, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, daga shi sai a buga kwafi ko nawa ake so.

Wanda ya sa hoto a hannun talaka shi ne George Eastman na Amurka. A 1888 ya fitar da kyamarar Kodak a kan dala 25, da filim na hoto 100 a cikinta. In ka gama ɗauka sai ka aika kyamarar gaba ɗaya zuwa masana'antarsu da ke Rochester, su wanke, su sa maka sabon filim su dawo maka da ita. A 1900 ya sake fitar da wata mai suna Brownie a kan dala ɗaya kacal. A 1925 kuma kyamarar Leica ta Jamus ta shigo kasuwa da filim ɗin 35mm, wanda kowane hoto a kansa yake da faɗin milimita 36 da tsayin milimita 24. Wannan shi ne girman da yawancin masu hoton biki suka riƙa amfani da shi har ƙarshen ƙarnin.

To ya filim yake aiki? A kan ledar nan an shafa wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, a cikinsa an barbaɗa ƙwayoyin gishirin azurfa, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. Duk ƙwayar da haske ya taɓa sai ta canza a ɓoye. In aka kai ɗakin duhu aka tsoma a ruwan magani na farko, waɗanda haske ya taɓa sai su koma baƙar azurfa. Ruwa na biyu kuma ya wanke waɗanda bai taɓa ba. Daga nan muka samo kalmar "wanke hoto" da har yau muke faɗa, ko da firinta ce ta buga shi.

Ka riƙe wannan da kyau: ƙwayoyin nan ba a jere suke ba. A warwatse suke, wata babba wata ƙarama, kamar an watsa tsaki a ƙasa. Shi ya sa in ka ƙura wa hoton filim ido za ka ga wani ɗan gari-gari a jikinsa, mai laushi, wanda babu wuri biyu da yake iri ɗaya. Filim mai manyan ƙwayoyi ya fi saurin kama haske amma ya fi gari-gari. Lambar da ake auna wannan saurin da ita, 100 ko 200 ko 400, ita ce ISO ɗin da kake gani a sashen Pro na kyamarar wayarka. Gadon filim ne.

KALA TA SHIGO

A 1935 Kodak ya fitar da Kodachrome, kuma abin mamaki mutum biyun da suka ƙirƙiro shi makaɗa ne, Leopold Mannes da Leopold Godowsky. Shekara ɗaya bayan nan kamfanin Agfa na Jamus ya fito da nasa. Filim mai kala hawa uku ne a kan juna: ɗaya yana jin shuɗin haske, ɗaya kore, ɗaya ja. Wajen wanki kowane hawa sai ya haifar da rininsa, a cire azurfar a bar rinin. Hanyar wankin da ta fi yaɗuwa, wadda ake kira C-41, ta fito a 1972, kuma ruwanta sai ya tsaya a zafin digiri 37.8. In mai wanki ya yi sakaci da zafin ko ya bar ruwan ya tsufa, kalar ta tafi.

Tunda rini ne, to kowane kamfani da irin haɗinsa, kamar dai marina. Kodachrome ya yi suna da ja mai ƙarfi da kala mai ɗumi. Shahararren hoton nan na yarinyar Afghanistan mai korayen idanu, wanda Steve McCurry ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan a 1984, ya fito a bangon mujallar National Geographic a 1985, da Kodachrome aka ɗauke shi. Fujifilm na Japan ya fitar da Velvia a 1990, mai sa ganye ya yi kore shar fiye da yadda ido yake ganinsa. Kodak Portra kuma, na 1998, an haɗa shi ne don fatar mutum ta fito da taushi. Ka ga ke nan babu wani abu ɗaya da za a kira "kalar filim". Masana kimiyyar haɗa magunguna ne suka zauna a ɗakin gwaji suka zaɓi yadda ja zai kasance, yadda fata za ta kasance.

Kuma nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Tun daga shekarun 1950 Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton farar mace, ana kiransa katin Shirley. Da shi ake saita inji: in fatarta ta fito daidai, to an ce inji ya saitu. Baƙar fata ba ta cikin lissafin. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta yi bincike a kan wannan, ta nuna cewa daga cikin waɗanda ƙorafinsu ya sa aka gyara filim har ya iya rarrabe launin ƙasa-ƙasa akwai masu sana'ar cakulan da masu kayan katako, don hotunan tallansu ba sa nuna bambancin kayansu. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Shi ya sa in ka buɗe albam ɗin gidanku za ka tarar da hotunan da fuska ta yi baƙi ƙirin, haƙora da idanu kawai ake gani. Shi Baba ya yi sa'ar mai hoton da ya san aikinsa ne.

Masu hoton da suka san aikinsu kuwa Afirka ta Yamma ta yi su. Seydou Keïta na Mali kafinta ne tun farko, kawunsa ya ba shi kyamarar Brownie, a 1948 ya buɗe situdiyo a Bamako. Da hasken rana yake ɗauka a tsakar gida, ya rataya zane a baya, kuma nagetif ɗinsa babba ne, santimita 13 da 18, kusan tafin hannu biyu. Je ka nemi hotunansa ka kalli yadda baƙar fata take sheƙi, yadda zanen atamfa da ɗinkin riga suke fitowa. Haka Malick Sidibé, shi ma a Bamako, wanda ya samu lambar yabo ta Zakin Zinare a birnin Venice a 2007. Haka J. D. 'Okhai Ojeikere a Najeriya, wanda tun 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitso da gyaran gashin mata. Waɗannan da baƙi-da-fari suka yi suna, inda mai hoto yake da iko a kan hasken da ya zaɓa da yadda za a wanke. A Ghana kuma James Barnor ne ya kafa ɗakin wankin hoto mai kala na farko wajen 1970. Da injinan wankin kala suka yaɗu a shekarun 1980, hoto ya yi arha ya yi sauri, amma hukuncin yadda zai fito ya bar hannun mai hoto ya koma hannun inji.

ZAMANIN LISSAFI

A 1969 wasu masana biyu a ɗakin binciken Bell na Amurka, Willard Boyle da George Smith, suka ƙirƙiro sensar da ake kira CCD, wadda take mayar da haske ya zama lantarki. Sai a 2009 suka karɓi kyautar Nobel a kanta. Kyamarar dijital ta farko kuma, ka san a ina aka haɗa ta? A cikin Kodak ɗin dai. Wani matashin injiniya, Steven Sasson, ya harhaɗa ta a 1975. Nauyinta kilo 3.6, hotonta baƙi-da-fari, ɗigo 100 a kwance 100 a tsaye, wato megafiksel 0.01. Daƙiƙa 23 take ɗauka kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset, irin na rediyo. Manyan kamfanin ba su yi ɗokin abin ba, tunda da filim suke cin abinci.

Sensa ba kamar filim ba ce. Ita a jere take, layi-layi kamar gidan dara, kowane gurbi shi ne fiksel. Haske ya zubo a gurbin, a auna yawansa, a mayar da shi lamba. Amma gurbin nan makaho ne wajen kala, yawan haske kawai ya sani. Wani ma'aikacin Kodak ɗin, Bryce Bayer, shi ya kawo mafita, aka yi masa rajistarta a 1976: a ɗora wa kowane gurbi ɗan matacin kala ɗaya, rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi. Kusan duk wayar da ke hannunmu yau da wannan tsari take aiki. Ma'anarsa kowane fiksel kala ɗaya yake gani da idonsa, sauran biyun manhaja ce take kintatarsu daga maƙwabtansa. Wato kashi biyu cikin uku na bayanin kalar hotonka lissafi ne.

Daga nan abu ya yi ta gudu. Kodak ya sayar wa 'yan jarida kyamarar dijital mai megafiksel 1.3 a 1991. Tsarin JPEG na matse hoto ya fito a 1992. A farkon shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa a hukumar NASA suka inganta sensar CMOS, mai ƙarancin cin batir, wadda ita ce ta ba da damar cusa kyamara a waya. Nikon D1 ta fito a 1999. A Japan, Kyocera ya sa kyamara a waya a 1999, Sharp ya biyo baya a 2000 da mai megafiksel 0.11. Mu nan Najeriya GSM ta iso a 2001, kuma waɗanda suka riƙe Nokia N95 ta 2007 mai megafiksel 5 sun san irin ji da kan da aka yi da ita.

TO INA BAMBANCIN YAKE A IDO?

Na farko shi ne wurin da haske ya yi yawa, kuma shi ne ya cinye babbar rigar Baba. Filim ɗin nagetif kamar rairayi yake: ka zuba ruwa ya sha, ka ƙara ya sha, sai dai shan yana raguwa sannu a hankali. Ko haske ya wuce ƙima, akwai sauran bayani a ciki da mai wanki zai iya fito da shi. Fiksel kuwa kofi ne. Yana cika daidai wa daida, in ya cika ya cika. A hoton JPEG lambar tana tashi daga 0 ta tsaya a 255, duk abin da ya wuce nan fari ne fat, zare da shadda sun zama ɗaya, babu manhajar da za ta dawo da su. A ɓangaren duhu kuma labarin ya juya: sensa ta fi filim iya tono abin da ke cikin inuwa. Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowane filim ne mai haƙuri ba. Irin su Kodachrome da Velvia, da ake haskawa a bango, su ma in haske ya yi yawa ƙonewa suke.

Baƙin mutum cikin farar shadda a tsakar rana, wannan yana cikin jarrabawa mafi wuya ga kowace kyamara. In ta bi rigar, fuska ta nutse. In ta bi fuskar, riga ta ƙone. Wayar Baba fuskar ta bi, ta ƙara mata haske, rigar ta tafi.

Na biyu, gari-garin filim da ɗige-ɗigen sensa ba ɗaya ba ne. Na filim shi ne jikin hoton kansa. Na sensa kuskuren lantarki ne, yana fitowa da ɗigon ja da kore a wurin duhu. Don a ɓoye shi sai manhaja ta goge, garin gogewa ta tafi da ramukan fata da gashin gemu, fuska ta koma kamar ta roba. Sannan ta dawo ta kaifafa gefe-gefen abubuwa don hoton ya yi kamar ya fita. In ka zuƙo hoton waya ka ga wani siririn farin layi a gefen hula ko kafaɗa, aikinta ne.

Na uku, girma. Mu da muke kwance waya mun san sensar yawancin wayoyin da ake kawo mana ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Hoto ɗaya na filim ɗin 35mm ya ninka ta fiye da sau ashirin, balle na Seydou Keïta. Babban fili yana sa bayan mutum ya narke a hankali. Waya da lissafi take kwaikwayon wannan, tun daga irin su iPhone 7 Plus ta 2016, shi ya sa wani lokaci take yanke kunne ko bakin ɗankwali. Kuma kada yawan megafiksel ya ruɗe ka: wayar da aka rubuta wa 50 yawanci tana haɗe fiksel huɗu ne su zama ɗaya, ta ba ka hoton 12.5.

Na huɗu, wayar yau ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Kana dannawa ta ɗauki da yawa, wasu da haske wasu da duhu, ta haɗe su. Shi ne HDR. Tana gane fuska, tana gane sama, tana gane abinci, kowanne ta yi masa kwalliyar da aka koya mata. Yana da amfani sosai, amma yana kashe inuwa, komai ya yi haske bai ɗaya, hoton ya rasa zurfi. Ga kuma abin nan na gyaran fuska da ake kira biyuti, wanda a wayoyi da dama a kunne yake zuwa. Shi ya ɗauki tsagar Baba a matsayin tabo ya shafe ta.

Ka ga an koma gidan jiya. Da masu haɗa rini ne suke yanke yadda fatarka za ta fito, yau masu rubuta manhaja ne. Bambancin shi ne yanzu ana jin ƙorafinmu, don mu ne kasuwa. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, yana cikin abin da ya ɗaga shi a Afirka saita kyamara don baƙar fata. Google ma ya fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021 saboda wannan matsala.

FILIM YA FAƊI, AMMA BAI MUTU BA

Kodak da ya taɓa ɗaukar ma'aikata kimanin 145,000 a 1988, ya daina yin Kodachrome a 2009, kuma a watan Janairun 2012 ya shigar da takardar karayar arziki. Wata uku bayan nan Facebook ya sayi Instagram a kan dala biliyan ɗaya, lokacin ma'aikatansa 13 ne. Kuma da me Instagram ya fara jan mutane a 2010? Da filtocin da suke sa hoton waya ya yi kama da tsohon hoton filim.

Abin dariyar shi ne yawancin abin da filtocin nan suke kwaikwaya lahani ne. Jan da kake gani a tsofaffin hotunan albam ba haka aka wanke su ba, rini ɗaya ne ya riga sauran dushewa saboda shekaru da zafi. Jan da'irar da ke kewaye fitila haske ne da ya ratsa filim ya dawo. Ruwan lemon da ke hotunan cikin ɗaki kuma, filim ɗin hasken rana ne aka ɗauka da shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Masu hoton da suna yaƙi da waɗannan abubuwa ne, mu kuma yau muna saukar da manhaja don mu same su.

Har yanzu dai ana yin filim. Kodak ya farfaɗo, ya dawo da Ektachrome a 2018. Fim ɗin Oppenheimer na 2023 a kan filim aka ɗauke shi. Pentax ya fitar da sabuwar kyamarar filim a 2024. Amma ni ba zan ce maka filim ya fi dijital ba. Hoton dare, arha, sauri, damar ka gani nan take ka sake, duk dijital ta yi gaba. Da hoto 36 ne a naɗi ɗaya, sai bayan kwanaki ka gane amarya ta rufe ido. Manyan kyamarorin dijital na yau ma sun kamo filim wajen haƙuri da haske.

Inda nake jin tsoro shi ne ajiya. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano nagetif ɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Shekara arba'in yana kwance, kuma da aka haska shi ya yi magana. Ni kuwa a teburina babu watan da ba a kawo mini wayar da ta sha ruwa ko fanal ɗinta ya ƙone, mai ita yana roƙo a ciro masa hoton mahaifiyarsa da ta rasu. Wani lokaci a dace, sau da yawa sai dai in ba shi haƙuri.

ABIN DA ZA KA YI DA WAYARKA

Ka fara goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, maiƙon yatsa yana sa hoto hazo. Ka shiga kyamara ka kashe biyuti, ta gaba da ta baya. In za ka ɗauki mai fararen kaya, ka kai shi inuwa mai haske, bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, ko ka bari sai da safe ko bayan la'asar. Ka taɓa fuskarsa a sikirin, alamar rana za ta fito a gefe, ka ja ta ƙasa kaɗan har aikin rigar ya dawo. Duhu kaɗan ana iya gyara shi daga baya, farin da ya ƙone ba ya gyaruwa. Kada ka kusanto da waya dab da fuska, yana kumbura hanci. Ka ja baya, in wayarka tana da lens na 2x ka yi amfani da shi. In tana da RAW a sashen Pro, shi ne ɗan uwan nagetif, yana ajiye bayanin kafin manhaja ta yi masa kwalliya.

Tsofaffin hotunan gida kuma kada a yi musu laminatin, zafinsa da gam ɗinsa suna lalata su, kuma ba ya ciruwa. Ka ɗauki kwafinsu da waya a inuwa ba tare da filasha ba, ka ajiye na asalin inda babu rana babu laima. In ka ga nagetif a tsohuwar ambulan kada ka yar, ya fi hoton da aka buga daga shi yawan bayani. Na wayarka kuma ka kunna ajiyar intanet, ka kwafe su a wani wuri na biyu, sannan ka zaɓi goma ko ashirin mafi muhimmanci ka kai a wanke maka.

Da Baba ya dawo na ce, "Baba, ba sai an canza komai ba, amma ku zo da rigar." Washegari bayan la'asar ya zo da ita a jikinsa. Na kashe biyuti, na tsayar da shi a bakin rumfa inda rana ba ta dukansa, na ja baya taku uku, na rage hasken kaɗan na danna. Ya karɓi wayar ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, ya zuƙo wuyan rigar, ya zuƙo kumatunsa. Sai ya ce, "Yauwa, yanzu na ga kaina. Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ya tambayi kuɗin aiki na ce babu. Na dai roƙe shi ya kai a wanke masa wannan ɗin, ya rubuta shekarar a baya da biro, ya sa shi a ledar nan tare da na 1986.

A rubutu na gaba insha Allahu za mu bi sashen Pro ɗaya bayan ɗaya, mu ga aikin ISO da saurin shata da daidaita fari.